Sayen Tsohon Injin Fijo A Gamboru: Gani Ya Kori Ji

MAIDUGURI: Akwai wata irin waya wadda 'yan Arewa mazauna Kurmi suka san ta sarai. Mutum yana bakin rumfarsa a Agege ko Idi-Araba cikin Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, sai ƙanensa ya kira daga gida ya ce, "Yaya, motar Baba ta buga inji." Kafin ya gama salati, sai a ƙara masa da cewa ai an ga wani inji mai kyau wurin masu kayan kwance, har da giya mai lamba biyar, amma fa mai shi ya ce in ba a kai kuɗi kafin Juma'a ba, akwai wani mutumin Cadi da ya taya. To, daga nan sai a shiga lissafin adashi da ɗan abin da aka tara domin Salla.

Motar da ake magana a kanta, sau da yawa, Peugeot 504 ce, watau wadda kowa ke kira Fijo. A gidaje da dama ba motar ado ba ce. Ita ke ɗauko buhunan hatsi da albasa, ita ke kai fasinja kasuwannin ƙauye, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ran da ta tsaya, tukunyar gidan ma takan tsaya. Idan kuwa aka aika da kuɗi aka sayo mataccen inji, hasara uku ce ke aukuwa a lokaci guda: kuɗi sun tafi, mota tana nan kwance, sa'an nan zargi ya shiga tsakanin wa da ƙane. Wannan ta ukun ita ce ta fi wuyar gyara.

Gamboru Biyu Ce

Ya kamata mai karatu ya bambanta tun daga farko, domin Gamboru biyu ce a Jihar Borno. Akwai Gamborun Ngala da ke bakin iyakar Kamaru, daura da garin Fotokol. Akwai kuma Gamboru ta cikin birnin Maiduguri, unguwa mai babbar kasuwa, kusa da unguwar Kwastam da Kasuwar Shanu, a ɓangaren da ake fita zuwa Mafa da Dikwa. Wannan ta cikin birni ita ake nufi a nan.

Hanyar da ta fita ta wannan ɓangare ita ce ke kai mutum har Kamaru da Cadi, saboda haka tun da daɗewa masu motocin haya da na kaya ke kai da kawowa a wurin. Inda kuwa motoci suka yawaita, nan kanikawa da masu sayar da kayan gyara ke kafa rumfa. Ana jin Barbarci da Larabcin Shuwa, amma Hausa ce ta fi yawa a bakin ciniki. Mai neman inji yakan fara daga garejin bakanikensa, shi kuma ya bi rumfuna yana tambaya. In ba a samu a gari ba, sai a aika Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ma Ladipo a Mushin ta Ikko, wadda mazauna Kurmi suka fi kowa sani.

Dalilin Da Ba A Jefar Da Fijo

An fara ƙera 504 a Faransa cikin 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a ƙasashen Turai. A 1975 ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, ta kuma ci ta Bandama a ƙasar Kwaddibuwa, abin da ya nuna cewa mummunar hanya ba ta ba ta tsoro. A wannan shekara ce kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki, har akan ɗauko sassan motocin a jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano. Gwamnatin Janar Obasanjo ta 1976 zuwa 1979 ta mai da ita motar manyan ma'aikata, sai ta zama abin da kowane mai albashi ke buri. An daina ƙera ta ta shiga a Turai cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har 2006.

Abin da ya sa ta daɗe a hannun talaka shi ne sauƙin injinta. Na fetur iri biyu suka fi yawa, mai sisi 1,796 da mai sisi 1,971, dukansu masu silinda huɗu, an ɗan kwantar da su gefe guda. Ba su da kwamfuta, kafireta ce ke ba su mai. Daɗin daɗawa, kowace silinda bututu ne mai zaman kansa wanda ake zarewa a sa sabo, tare da fistin da zobbansa. Watau ana iya mai da tsohon inji sabo a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ba tare da an nemi wata babbar na'ura ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Saboda wannan ne tambayar farko ba "nawa ne inji" ba ce. Tambayar farko ita ce, me ya lalace a wanda ke cikin motar? Idan gangar jikin injin ba ta tsage ba, kuma karanshaf yana da sauran yanka, sau da yawa gyaran na gida ya fi sayen baƙo, domin an san tarihinsa, kuma lambarsa ce ke cikin takardun mota.

Ɗan Beljiyam Ko Kwancen Gida

Tun daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a. Sai kasuwar tsofaffin motoci da injuna daga Turai ta buɗe, ta tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Kwatano. Da yake yawancinsu daga Beljiyam ake lodinsu, sai sunan ya bi kayan. Har yau, da zarar an ce inji ɗan Beljiyam ne, sai kuɗinsa ya ɗaga, mai saye kuma hankalinsa ya kwanta.

To, amma game da Fijo sai a yi lissafi. An ce Turai ta daina 504 ta shiga a 1983, ƙanwarta 505 kuwa, wadda ta fito a 1979 kuma wasu daga cikinta ke da irin wannan inji, an daina ta a can a farkon shekarun 1990. Ke nan duk injin irin wannan da ya fito daga Turai ya haura shekara 30 a duniya, alhali kwancen motar Kaduna yana iya zama na 2004 ko 2005. Sunan Beljiyam kaɗai ba shaida ba ce. Kuma ba wuya a wanke kwancen gida da fetur, a fesa masa fenti, a laƙaba masa sunan. Yawancin 'yan kasuwa mutanen kirki ne masu tsare sunansu, amma kowace kasuwa ba ta rasa ɓata-gari.

Abin Da Ruwan Alau Ya Bari

A Maiduguri akwai wani ƙarin dalilin yin hattara wanda babu shi a Ladipo ko Panteka. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwa ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru da Kwastam, ya shiga babbar kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. An yi hasarar rayuka, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu. Motoci kuwa, da na kan titi da na cikin gareji, da kayan da ke jibge a rumfuna, sun kwana da kwanaki cikin ruwa da laka.

Injin da ya sha ruwa ba lalle ne ya mutu ba. Idan an kwance shi da wuri, aka wanke, aka busar, aka sa sabon mai, yana iya tashi lafiya. Matsalar ita ce wanda aka bari da ruwan a cikinsa. Tsatsa takan kama bangon silinda da zobban fistin, laka kuma ta kwanta cikin ƙananan hanyoyin da baƙin mai ke bi. Irin wannan inji yana iya tashi a gaban mai saye, ya yi ƙara mai daɗi, sa'an nan bayan 'yan makonni ya buga a tsakanin Benishek da Damaturu da mota cike da fasinja. Giya ma haka take, domin ruwa yana shiga ta ramin shaƙar iska ya gauraya da manta. Saboda haka tambayar inda inji yake a watan Satumban 2024 ba rashin kunya ba ce a wannan gari, haƙƙin mai saye ne.

Yadda Ake Gwada Shi

Kanikawan da suka san aikinsu ba su duban fenti. Da farko akan sa sufana a gaban karanshaf a juya injin da hannu. Ya kamata ya juya sumul, yana ɗan yin tauri lokaci-lokaci saboda matsin iska. In ya ƙi motsi, ko ya yi ta gurza, an gama magana. Sa'an nan a cire fulogi huɗun a jera su: wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna zobba sun ci, wanda ya yi tsatsa kuwa yana nuna ruwa ya shiga. A haska tocila cikin ramin fulogin a leƙa.

Bayan haka sai a duba baƙin mai. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, ko dai daga gasket, ko daga gindin silinda, ko kuwa daga ambaliya. Mai da aka zuba sabo fil a tsohon inji ma abin tambaya ne, haka kuma mai kauri ƙwarai, domin da shi ake ɓoye ƙarar ƙwanƙwasa. Hanya mafi tabbaci ita ce a kwance kwanon mai na ƙarƙashin injin. Abin da ya kwanta a gindinsa, ko laka ne, ko yashi, ko ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, shi ke faɗin gaskiyar da baki ba zai faɗa ba. Mai kayan da ya ƙi yarda a kwance wannan kwano ya riga ya ba da amsa.

Kan injin, wanda kanikawa ke kira tof, na alminiyam ne, kuma shekaru da ruwan rijiya a lagireto sukan cinye ramukan ruwansa, zafi kuma ya lanƙwasa shi. A dube shi da kyau. In akwai agogon auna matsin iska, a auna silinda huɗun, ya kamata su yi kusa da juna. Daga ƙarshe a ɗaura batir da galan na fetur a tayar da shi a ƙasa, kuma a tabbata yana da sanyi kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye aibinsa. Shuɗin hayaƙi na cin baƙin mai ne, fari mai yawa na ruwa ne, baƙi kuwa yawanci laifin kafireta ne, shi ne kuma mai sauƙin gyara.

Giya Ta Biyar

Yawancin 504 da giya huɗu suka zo. A lamba huɗu, duk juyi ɗaya na inji, farfela ma juyi ɗaya take yi. Lamba biyar kuwa, irin wadda ta yawaita a 505, takan sa farfela ta fi inji saurin juyawa, watau inji ya yi juyi takwas da 'yan kai, farfela ta yi goma. Gudun da zai sa inji juyi 4,000 a minti ɗaya a lamba huɗu, a lamba biyar wajen 3,300 ko 3,400 zai yi. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, shan mai ma ya ragu.

Sha'awar wannan giya ta ƙaru ne tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga wajen Naira 200 zuwa Naira 557 a Maiduguri, kuma a 2024 ta haura Naira 1,000. Ga direban da ke bin hanyar Kano ta Damaturu da Fataskum da Azare, kusan kilomita 600, kowace lita abin lissafi ce.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa mai aiko da kuɗi ba. Na farko, lamba biyar ta miƙaƙƙiyar hanya ce. Motar da aikinta shi ne yawo tsakanin Gamboru da tashar Muna, ko ɗaukar kaya masu nauyi a hanyar yashi da ramuka, ba za ta mori wannan giya ba. Tilasta mata lamba biyar da nauyi a ƙaramin gudu ma wahalar da inji ne.

Na biyu, ba a cire mai huɗu a ɗora mai biyar haka kawai. A Fijo farfela tana tafiya ne cikin wani dogon bututun ƙarfe wanda ya haɗa giya da aksul na baya. Mai lamba biyar ta fi tsawo, saboda haka sai an samo bututu da farfela da suka dace da ita, ko kuwa a yanke na da a rage. Yankan da bai daidaita ba yakan sa mota kaɗawa, ya cinye kayan giyar cikin ɗan lokaci. Har wa yau 505 ta zo da injuna iri-iri, na fetur da na gas, kuma ba kowace giyarta ce bakinta ke hawa injin 504 ba. Motar da sandar giyarta ke jikin sitiyari sai an huda mata ƙasa. Wayar maleji ma sai an duba, in ba haka ba agogo ya riƙa faɗin ƙarya. Mai hikima yakan sayi giyar da bututunta da farfelarta da sandarta daga mota ɗaya, a ciniki ɗaya.

Gwajinta kuwa, a juya sandar gabanta da hannu a shiga kowace lamba har da ribas, a ji ko akwai gurza ko sassauci. A zubar da manta a faranti a duba ruwa da ɓarɓashi. Amma giyar da ke fitar da lamba da kanta ba a gane ta sai a kan hanya, shi ya sa ake neman kwanakin gwaji.

Takarda Da Shaidu

Kowane inji yana da lamba da aka buga a jikinsa, kuma wannan lamba tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji bai je ofishin lasisin motoci an gyara takarda ba, ya sayi rigima da kuɗinsa, balle a hanyoyin Borno da Yobe inda shingayen bincike suke da yawa. Injin da aka goge lambarsa, ko aka sake buga ta, ko kyauta aka bayar kada a karɓa. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod, kuma rashin sani yana da wuyar tabbatarwa in babu rasit.

A wannan jiha maganar asalin ƙarfe ba wasa ba ce. Rikicin da ya faro a 2009 ya bar motoci da yawa yashe a garuruwan da jama'a suka gudu suka bari, kuma kowace tana da mai ita. A 2023 Gwamna Babagana Umara Zulum ya hana sana'ar tsintar tsofaffin ƙarafa a jihar, saboda kashe masu shiga daji nemansu da ake yi, da kuma ɓarnar kayan gwamnati da na jama'a. Saboda haka rasit ya ƙunshi lambar inji, da sunan mai sayarwa da rumfarsa, da kwanan wata, da adadin kwanakin gwaji, da sa hannun shaidu biyu, zai fi kyau ɗaya ya kasance daga shugabannin 'yan kasuwar. In an ce daga waje ya zo, a nemi takardar kwastan.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Littafin Risala, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan Borno da ƙasar Hausa, ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikinsa. Amma alƙali da shaida yake aiki, kuma maganar da aka yi a waya ba ta da sawu.

Shawara Ga Na Kurmi

Mutumin da ke Ikko ko Fatakwal ba zai iya barin sana'arsa ya hau mota kwana biyu domin duba inji ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da yake iyawa daga inda yake. Ya sa bakanike na biyu, wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya duba tsohon injin da sabon, a biya shi ladansa daban. Ya nemi a nuna masa ta wayar hannu lambar injin, da cikin kwanon mai, da lokacin da ake tayar da shi. Ya tambayi farashi a Ladipo ko Agodi ta Badun domin ya san ma'auni, yana tuna kuɗin dako da wahalar mayar da kaya daga nesa. Ya raba kuɗin kashi biyu, a riƙe saura sai mota ta je Damaturu ta dawo. Ya kuma ware na kuloci da gasket da baƙin mai da wankin lagireto da aikin bakanike tun daga farko, domin lagireton da ya kashe tsohon inji zai iya kashe sabo.

Batun mutumin Cadi da wa'adin Juma'a kuwa, kada ya tayar wa kowa da hankali. An ƙera 504 fiye da miliyan 3 a duniya, in wannan ya wuce wani zai zo. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, duk mai sayen kwance ya san ba sabo ya saya ba. Abin da ake gudu shi ne cinikin biri a sama. In an bi a hankali, motar Baba za ta koma hanya, ƙane ya fita kunyar wansa, wa kuma ya zo Salla a tarye shi a tasha da ita.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, amin.